Ƙahon da Attahiru Ya Ƙera

Duk direban da ya taɓa ɗaukar kaya tsakanin Bodinga da Shagari ya san rumfar Attahiru mai walda, ko da bai san sunansa ba. Tana nan bakin titi, kwano huɗu a kan dirkoki, da wani janareta mai tarin tsiya. Shi kuwa mai rumfar gajere ne, baƙi, mai saurin fushi, ga shegen son a yabi aikinsa. Shekara talatin da ɗaya yana walda da baƙin tabarau irin na gayu, wai garkuwar fuska tana hana shi ganin aiki da kyau. Ba shi da gona, ba shi da ko akuya. Abin da ya mallaka a duniya magana ɗaya ce da ake faɗa a tasha: waldar Attahiru ba ta saki.

Ni sunana Sha'aibu, direba ne, kuma ni na raba shi da wannan maganar. Gara in faɗa tun yanzu.

Aikinsa duk na jikin mota ne ta waje. Shi ke yi mana kariyar da muke ɗora kaya a saman mota, shi ke ƙara wa bamba ƙarfe, shi ke liƙa ƙugiyar janwe a baya. Ƙugiyar nan kuwa ta ci ƙaurin mutane ba adadi. Ka zo sauke kaya daga but ta sare ka, ka shiga kwari da damina ta kafe a ƙasa. Muna zaginta, muna kuma komawa a liƙa mana.

Wata rana aka kawo masa wata mota 'yar Kwatano gyaran salansa. Da ya kwanta a ƙarƙashinta sai ya ga wani rami na ƙarfe a jikin shasi, an rufe shi da roba. A cikin but kuma, kusa da safaya, ga wani lanƙwasasshen ƙarfe mai dunƙulen kai, wanda mai motar ya ɗauka hannun jak ne. Attahiru ya juya shi, ya sake juyawa, ya zura shi a ramin, sai ji ya yi ƙas, ya zauna daram. Ashe ƙugiyar janwe ce da ake sawa a cire. Ranar ko abincin rana bai ci ba, yana ta aune-aune da tsinken tsintsiya.

Wata biyu ya yi yana ɓata ƙarfe kafin ya fitar da nasa. Ya fi na Turawan kauri, ya fi shi muni, amma yana shiga ya fita da fil ɗaya. Mutanen tasha suka sa masa suna ƙahon Attahiru saboda lanƙwasarsa. Ya haɗa masa 'yar tirela mai ƙafa biyu, ya ce da wannan, ƙaramar mota za ta ja albasar da a da sai an yi sawu uku.

Ɗanjuma, ciyaman ɗin tasharmu, mutum ne da ba ya yarda da sabon abu sai ya ga ya tsufa a hannun wani. Ya ce a gwada a mota ɗaya. In ƙahon ya ƙare kakar albasa bai ba da kunya ba, duk motocin tasha za a sa musu. Aka zaɓi tawa, don ni na fi kowa zirga-zirgar fadamun Shagari.

Ranar da Attahiru ya ɗaura min ƙahon, ya ja ni gefe.

"Sha'aibu, likita ya hwaɗa man idanuna sun kusa tahiya. Wutar walda ta cinye su. In Allah ya sa wanga abu ya karɓu, ko na makance an san na bar wani abu bisa titi."

Na ce, "Haba Malam Attahiru, Allah shi sawwaƙe."

"Bari wannan. In ka cire shi, ka naɗe shi ga buhu, ka aje cikin but. Kak ka buge shi da komi. Ja shika yi, ba a yi shi don duka ba."

Na ce na ji. Wallahi na ji ɗin, da kunnuwana biyu.

Sati uku ƙahon nan yana aiki lafiya lau. Manoma har rububina suke yi. Attahiru kuwa bai jira ƙarshen kaka ba, ya zauna ya ƙera guda tara ya jera a rumfa, yana goge su da baƙin mai kowace safiya.

To, matata Tani tana da wani sa da take kiwo, jarababbe, wanda bai san zaman lafiya ba. Wani yammaci na dawo na tarar ya tumɓuke turkensa na itace ya shiga rumbun maƙwabci, ana ta hayaniya. Na duba tsakar gida ban ga abin kafawa ba. Sai idona ya faɗa kan buhun da ke cikin but. Na ce na yau ɗaya dai. Na ɗauko guduma na kafa ƙahon a ƙasa, dunƙulen kan ya riƙe igiya kamar don ita aka yi shi. San ya ja, ya ja, ya haƙura.

Na yau ɗaya ya zama na kullum. Da yamma in kafa shi da guduma, da safe in bubbuge shi ta gefe har ya saki, in karkaɗe ƙasar in zura a mota. Tani ma har cewa take yi ba ta taɓa ganin turke mai albarka irin wannan ba. Kwana arba'in ina wannan aikin banza, kuma duk ranar da na wuce rumfar Attahiru sai ya ɗago hannu ya tambaye ni, "Yaya ƙaho?" in ce sai godiya.

Saura kwana kaɗan kaka ta ƙare, da hantsi, na taso daga Shagari da lodi. Na faɗa wani rami da na saba faɗawa, sai na ji ƙara a baya, motar ta yi sakayau. A madubi na ga tirelar ta kama hanyarta, ta gangara, ta yi adungure. Allah ya kiyaye ba ta hau kowa ba. Amma albasa ta watsu a kwalta, manyan motoci suka bi ta kai, mai kayan ya zauna a gefen hanya ya riƙe kai.

Kafin jama'a su taru na tsinci guntun ƙahon. Kansa duk ya tauye da sawun guduma, makaho ma ya shafa ya san an dake shi. Na cusa shi ƙarƙashin kujera. Da wani ya ce, "Waldar Attahiru ta saki," sai na ji bakina ya ce, "Haka nig gani." Tsoro ne ya kama ni, tsoron mai albasa da tsoron Ɗanjuma, ba wani abu ba.

Attahiru ya zo har gida a ƙasa, yana haki, ya ce in ba shi guntun ya duba. Na ce ya faɗa cikin ciyawa, mun nema ba mu gani ba. Ya cire tabarau ya murza idanunsa. Sannan ya ce, a hankali, "Ashe idon ya riga ya tahi ban sani ba."

Abin da ya fi ci min rai ke nan har gobe. Bai zargi kowa ba, kansa ya zarga. Tun kafin direbobi su guje shi, shi ya fara korarsu. In ka kawo kariya ko ƙugiya sai ya ce ka kai wani wuri, ba zai ɗauki ran mutane a hannunsa ba. Ya koma liƙin ƙafar kujera da murfin tukunya. Fushin nan nasa ma ya mutu, har na riƙa marmarin in ji ya zagi wani. Cikin shekara biyu idon ya rufe, sai dai ya bambance rana da inuwa. Ya sayar da janareta, amma kullum yana zuwa rumfa ya zauna kusa da ƙahonninsa tara.

Bara ne na kasa jurewa. Na ɗauko guntun na kai masa, na durƙusa na faɗi komai, har da san Tani. Ya karɓa ya bi shi da babban yatsa, daga kai zuwa gindi, ya tsaya a kan layin waldar, ya koma ya sake bi.

"Ga ta nan. Ba ta saki ba. Ƙarhen na yak karye inda kad dake shi."

Sai ya yi wata 'yar dariya, hawaye na zuba daga idanun da ba sa ganin komai. Ya ce, "Da ka kawo shi tun ina gani, Sha'aibu. Tahi tasha ka hwaɗa musu."

Na je. Na tsaya gaban Ɗanjuma da direbobi na tona kaina. Na ɗauka za a zage ni, da ma an zage ni ɗin da na ji sanyi. Dariya aka yi. Rabin direbobin sababbi ne, ba su ma san zancen ba. Ɗanjuma ya ce, "Yanzu mi kaka so a yi? Mutumin da ba ya gani za ya yi muna walda?" Aka koma lodi. Abin da kawai ya fita daga tashar ya zaga gari shi ne, wai akwai wani ƙarfe a rumfar Attahiru da ya riƙe bijimi kwana arba'in.

Ranar kasuwa ina zaune wurinsa sai ga wani mai shanu daga wajen Danchadi, ya yi sallama, ya ce an ce masa nan ake sayar da turken ƙarfe. Na yunƙura zan kore shi, Attahiru ya dafa min gwiwa. Gidansa ba hatsi, ni na sani, shi ma ya san na sani. Ya laluba ya ɗauko ɗaya, ya goge shi da gefen rigarsa, ya miƙa.

"In ka ƙare da shi, ka naɗe shi ga buhu," ya ce. "Kak ka buge shi da komi."

Mutumin ya dube ni, ya dube shi. "To Baba, in ban buga ba, ƙaƙa za ni kahwa shi?"

Attahiru ya juya fuskarsa wajen titi, inda wata mota ke wucewa tana jan 'yar'uwarta da igiyar rijiya. Tun daga ranar masu shanu ke ta zuwa saye. Yanzu saura ƙaho biyu a rumfar.