Askar da aka yi wa kakana bayan ya rasu

Hoto ɗaya tak kakana na wajen uwa ya bari a duniya, na katin ɗan ƙasa, shi ma ruwa ya taɓa shi. In ka duba, hula ce kawai da inuwar fuska. Da jami'a ta yanke shawarar girmama shi, ta kuma ce za ta kawo bikin har Dogon Dutsi, ni aka nema, don ni ne jikan da ya yi boko, ina koyar da Faransanci a lise, wato babbar sakandare. Na ɗauki hoton da waya na tura musu.

Abin da kakana ya yi ba shi da tsawon faɗa. A ƙauyensu, can wajen Gesheme, akwai gidajen da ake kira bayi. Gonar da suka sare da hannunsu ba tasu ba ce, aure ma sai a junansu. Shi ya riƙa bin ƙauyuka a ƙasa yana tara mutane, yana kai ƙara gaban hukuma. Aka sa shi kaso, wato kurkuku, ya fito, aka sake mai da shi, har dai gonakin suka tabbata ga masu nomansu. Shi kansa ɗan irin gidajen nan ne. A ƙauyen, wanzami ba ya yi musu askar Arawa, layi biyun nan da ke tashi daga gefen baki zuwa kunne. Fuskarsa sumul take, haka ma ta Inna, mahaifiyata.

Mu a zamaninmu an daina aska, fuska ba ta tona asirin kowa. Na girma a birni, na yi aure a Kiyeshe, a gidan masu ji da asali. Sun bincika dangin ubana, ba su bi ta kan na uwa ba, ni kuma ban tuna musu ba.

Saura mako guda biki aka turo mini zanen kakana da suka sa wani mai fenti ya yi, ana tambaya ko da gyara. Bawan Allah bai ga fuska a hoton ba, an dai ce masa Ba'are ne, sai ya ƙirƙiri hanci da ido, ya rangaɗa masa aska biyu-biyu a kowane kunci. Na daɗe ina kallon wayar. Gaskiya daɗi na ji. Na rubuta musu cewa ya yi kyau.

Ranar biki an kafa rumfuna a gidan matasa, ɗalibai sun sha anko, an rataye zanen a bango, ya fi ƙofar zaure girma. Inna ta iso da hantsi a motar haya, aka zaunar da ita a layin gaba kusa da ni. Surukina na kujera ta uku da carbinsa. Aka yi ta jawabin maraba, kowa na gode wa wanda ya gabace shi, har rana ta take.

Babban baƙo wani farfesa ne daga wata ƙasa ta bakin teku, ba ya jin Hausa ko ta sayen goro. Amma ya san aikinsa. Ya karanta takardun shari'o'in kakana fiye da ni, kuma littafi yake rubutawa a kansa. Sai dai takardun sun ce manomi ne kawai, ba su faɗi gidansu ba. Can wajen ƙarshe ya juya ya nuna zanen, ya ce a dubi askar nan: ɗan asali ne, da ya yi shiru ba abin da zai rasa, amma ya tsaya wa bayi. A nan aka fi yin tafi.

Inna ba ta jin Faransanci, zanen take kallo tun zuwanta. Ta taɓa ni.

"Wane na wanga?"

"Baba ne, Inna."

"Wane Baba?"

Na ce ta bari sai an tashi.

Ba a tashi ba sai da aka kira ta ta karɓi kyautar wani ƙaramin kwafin zanen, an sa shi a gilashi. Ni aka tsayar in yi tafinta. Ta riƙe shi nesa da jiki kamar kwanon miya mai zafi, ta duba, sannan ta matsa ga abin magana.

"Na gode da kunka zo. Amma wanga ba ubana ba na. Ubana bai da aska, wanzami bai taɓa huskatai ba. Bawa aka ce mishi, mu ma bayi aka ce muna, shi as sa yat tashi. In da shina da askag ga, da bai sha kaso ba."

Farfesa ya juyo yana mini murmushi, yana jira. Na ce masa da Faransanci tsohuwa ta gode, tana yi wa jami'a fatan alheri. Ya dafa ƙirji ya rusuna mata.

Mutum biyu ko uku suka tafa, suka ga ba mai taya su, suka bari. Duk wanda ke rumfar nan ya ji Hausar Inna, rabinsu kuma sun ji Faransancina. Mutum ɗaya kawai na ɓoye wa, shi ne mai rubuta littafin. Surukina bai ɗago kai daga carbinsa ba. Har yau muna gaisawa lafiya lau, sai dai tun ranar, in na je Kiyeshe lokacin salla ya yi, bai ƙara cewa in shige gaba ba.

Inna ta ƙi tsayawa cin abinci. Na raka ta tasha, tana gaba ina baya. Sai da ta sami wuri a bakin taga a motar Gesheme ta dube ni.

"Mi kac ce ma baƙon ga? Tawa da tsawo, taka guntuwa."

"Na ce kin gode."

"Sauran hwa?"

Na kau da kai, ta sake jefo wata tambayar.

"Ka ga zanen ga kahin yau?"

"Na gani, Inna."

Na so ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Ba ta yi ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ga mutane cike da mota suna saurare. Direba ya tayar, sai ta miƙo zanen ta taga.

"Amshi, kai ka so shi hakanan. Ni na san huskar ubana."

Na karɓa da hannu biyu, motar ta tashi.