Tsagar Bayan Kunne

Baba Baƙo wanzami ne a unguwarmu nan Gaya ta bakin kogi, tsoho mai baƙar magana. Ni, Mamman mai kabu-kabu, shi ya yi mini aski ranar sunana, shi ya sa nake jure masa.

Maganarsa ɗaya ce, har ta ginshe mu. Wai a da kowane birni gashin kansa yake ci: ganuwarsa, sarkinsa, tsagarsa. Ɗan gari ya ɓace, fuskarsa ta maido shi gida. Ita kuwa daula, in ji shi, haɗiye birane take yi, ta karɓi gandu, wato haraji, daga mutanen da ba ta taɓa gani ba. "Birni ya san ɗan wane ne kai. Daula yawanku kawai ta sani."

Da aka haifi jikansa Misbahu an riga an daina tsaga. Uwar, Mairo, ta ce kada a taɓa wa ɗanta fuska. Tsohon nan mai taurin kai ya faki ido ranar suna, ya yi masa 'yar tsaga bayan kunnen hagu. Mairo ta daɗe ba ta gaishe shi ba.

Bara Misbahu ya shiga dakon kaya a kwale-kwale tsakaninmu da Malanbil, garin da ke ƙetaren kogi. Wata safiya aka ce jirgi ya kife, kuma bai dawo gida ba. Bayan kwanaki labari ya zo cewa masunta sun tsamo gawar wani saurayi wajen garin Tunuga.

Ni na ɗauki Baba a babur zuwa can. Wallahi tsoro ya kama ni. Shi kuwa ya ƙanƙame mini riga duk hanyar.

Ruwa ya ɓata fuskar, babu katin shaida a aljihu. Na kasa kallo. Baba ya durƙusa, ya daɗe, sannan ya lanƙwasa kunnen hagu da yatsa.

"Ba namu ba ne," ya ce.

Na ce alhamdulillahi, Baba mu tafi. Ya ƙi tashi. Ya duba ɗayan kunnen, ya duba kumatu, ya duba fatar cikinsa. Babu komai.

"Mamman, to wannan ɗan wa ne?"

Babu wanda ya sani. Daga baya Misbahu ya dawo da ransa, wasu masunta ne suka cece shi a can ƙetare. Wancan saurayin kuwa Baba ne ya tsaya aka yi masa sutura, kuma har yau ba wanda ya zo nemansa.