Ranar da Aka Yanke Maganata a Rediyo

Ina ɓarar gyaɗa a tsakar gida na ji muryata a rediyo. Da hantsi ne, ranar Laraba, matar yayana tana surfe. Sai da ta tsayar da taɓarya ta zuba mini ido, sannan na tabbatar ni ɗin ce.

Shan inna ya kama ni tun ina 'yar shekara uku. Tun rasuwar Baba nake zaune a gidan yayana, a wani ƙauye kusa da madatsar ruwan Watari. A hannunsa nake ci, kuma ba ni da wani gidan da zan nufa bayan nasa.

Sati biyu kafin nan, wani ɗan jarida ya zo taron ƙungiyarmu ta masu buƙata ta musamman, wanda muke yi a ajin Islamiyya bayan an tashi yara. Ya ce yana haɗa shiri ne kan gyaran da ake yi wa dokokin kare haƙƙin ɗan Adam, kuma ya yi alkawarin ba zai ambaci garinmu ba. Da ya miƙo mini abin magana sai bakina ya ɓalle. Na ce da aka raba gadon Baba, kasona na gona ya zauna a hannun yayana, aka ce gurguwa me za ta yi da gona. Na kuma ce bai taɓa barina da yunwa ba. Wannan ta ƙarshen ita aka yanke.

Mai gabatar da shirin ya faɗi sunan ƙauyenmu har sau biyu. Ya kira ni abar tausayi, ya ce da wannan gyara irin waɗannan 'yan'uwa sai sun gurfana a gaban kotu.

Matar yayana ta ce, "Kotu za ki kai shi?"

Na ce, "Wallahi ban faɗi haka ba." Na ajiye gyaɗar na shige ɗakina.

Da azahar Yaya ya dawo daga lambu, ya jingine fartanya, bai ko dubi ƙofar ɗakina ba. Ashe tun a hanya an tare shi da maganar. Kwana uku bai ce mini uffan ba. Ana kawo mini tuwo kamar kullum, amma sai in mayar da shi ban ci ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in ce ga masu sammaci nan. Idan kuma na ji takunsa ya nufo ɗakina, sai in ce yau zai ce in tattara kayana.

A rana ta huɗu Malama ta zo, shugabar ƙungiyarmu. Makauniya ce, tana koyar da matan aure hadda. Ta lalubi tabarma ta zauna, ta ce gidaje uku sun hana 'ya'yansu zuwa taro, wai muna koya musu kai iyaye ƙara.

Ta ce, "Shirin yana karɓar kira. Laraba mai zuwa za mu kira su."

"Malama, ki rufa mini asiri. Na farko ma kin ga inda ya kai ni."

"Idan muka yi shiru, abin da suka faɗa shi zai zauna a kunnen mutane. Ni ma tsoron nake ji, 'yata."

Ranar Laraba muka zauna a zaure da wayarta. Mun kira ya fi sau goma kafin a ɗauka, kuma daidai lokacin Yaya ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. Malama ta fara. Ta ce an cika gari da zancen gyara, amma babu wanda ya karanta mana shi da Hausa, babu wanda ya faɗa mana ofishin da za mu je, kurame kuwa ba su ma san ana yi ba. Ta ce shiri kan haƙƙinmu ya kamata ya faɗa mana haƙƙin, ba ya sa mutane kuka a kanmu ba. Sai ta danƙa mini wayar.

Na kara ta a kunne. Na ce, "Ni ce wadda kuka sa muryarta. Kun yanke maganata, kun kuma karya alkawari. Yayana shi ke ciyar da ni, ban nemi kotu ba." Ina iya tsayawa a nan. Na sunkuyar da kai don kada in ga fuskarsa, na ce, "Amma gonar tawa ce. Wannan ban janye ba."

Mai shirin ya ba da haƙuri a gurguje, ya ɗauki wani kiran. Yaya ya juya ya fita. Na wuni ina jiran abin da zai biyo baya.

Sai bayan la'asar ya tsaya a wajen ɗakina, bai shigo ba. Ya ce, "Idan an yi girbi zan kira Kawu a auna."

An auna ɗin. Aka kai ni a amalanken shanu na gani: wata 'yar tsiririya ce a gefen kwari, inda ruwa ke kwanciya da damina. Kawu ya ce babu abin da za ta yi sai shinkafa. Na ce to a nemo mini iri.