Ranar da na ja tsoho a kan tafkin ƙanƙara

Shekarun baya can, lokacin da yuraniyom ke tashe, Arlit na cika da baƙi kullum, ina aikin gyaran injinan haƙa a ma'adinai. Sai kamfani ya tura ni Faransa ƙaro sani. Da ƙarshen shekara ya zo aka rufe makaranta, kowa ya tafi gida hutu, ni kuwa ba ni da inda zan nufa.

Ina da wani aboki Bature, mutumin Suwidin. Shi ya kawo mana injinan, ya zauna a Arlit har ya tsinci Hausar kasuwa. Da ya ji ina Faransa sai ya bugo mini waya: "Ka zo gida. Mama ya ce ka zo." Shi a bakinsa kowa namiji ne, har mahaifiyarsa.

Garinsu ƙarami ne, a gindin dutse can arewa, mutane na zuwa daga nesa don wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Rana ba ta leƙowa sai hantsi, kafin ka juya duhu ya yi. Azahar da la'asar da magariba kusan a zama ɗaya nake yin su. Ranar farko aka ɗaura mini dogayen katakai a ƙafa, aka ba ni sanduna. In tashi in faɗi, in tashi in faɗi, tsofaffin mata suna wuce ni kamar iska. Na kwance katakan na ce na yafe.

Washegari abokina da ƴan'uwansa suka hau dutse, suka bar ni da mahaifinsu. Tsohon ba ya jin Faransanci, balle Hausa. Ya yafuto ni da hannu, na naɗa rawanin da na taho da shi daga Arlit, na bi shi. Yana jan wani abu mai kama da ƙaramin kwalekwale, ya zuba kaya a ciki. Muka yi nisa cikin wani farin fili shimfiɗaɗɗe, sannan ya tsaya ya huda ƙasa da ƙarfe. Sai ga ruwa ya ɓulɓulo. Ashe tun ɗazu a kan tafki nake tafiya! Na haye kwalekwalen nan na zauna, na ƙi sauka. Ya yi dariya har da tari, ya zuba mini kofi, ya zura ƙugiyarsa yana kama kifi.

Da muka tashi komawa, ruwan da ya malala a bakin ramin ya riga ya daskare. Nan santsi ya kwashe tsohon. Na ji ƙarar karyewar ƙashin ƙafarsa da kunnena. Bai yi ihu ba, fuskarsa ce kawai ta sauya. Na duba, ba kowa, fitilun gari can nesa, duhu na shigowa, dusar ƙanƙara ta fara zuba. Na ƙwala kira, shiru.

Tsohon ya riƙo rigata. Ya nuna kwalekwalen, ya nuna kansa, ya miƙo mini igiya. Na zubar da kayan, na ɗaure ƙafar da sanduna da rawanina, na ɗora shi a ciki.

"Baba, ka yi haƙuri, zai yi zafi," na ce da Hausa.

Ya amsa da yarensu. Mun dai fahimci juna.

Na ɗaura igiyar a ƙugu na miƙe sosai wajen fitilu. Sai ya fizge ta da ƙarfi har na faɗi, ya daka mini tsawa, ya nuna wata hanya ta zagaye. Daga baya na ji cewa inda na nufa nan kogi ke shiga tafkin, ƙanƙarar wurin ba ta ɗaukar mutum. Haka muka yi ta tafiya, ya ja dama in yi dama, ya ja hagu in yi hagu, kamar raƙumi da akala. Cikin sanyin nan gumi nake yi, ba addu'ar da ban karanta ba. Gidan farko da muka iske, wata mata ta buɗe, ta kira motar likita.

A asibiti abokina ya fito daga wurin mahaifinsa ido jajur, amma yana dariya. "Baba ya ce kai doki mai ƙarfi ne, sai dai ba ka jin linzami."

Da na dawo gida na je Damagaram na ba mahaifiyata labari, ina jiran yabo. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Madalla, ka ja uban wani. Allah ya sa ran da tawa ƙafar ta gaza a samu mai ja na."

Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta zauna mini. Na lura baƙon da ka taimaka wa rana ɗaya yana da daɗin ba da labari, naka na gida kuwa hidimarsa kullum ce, ba mai tafa maka. Da ƙafar tata ta gaza, na je na ɗauko ta. A ɗakin da ke kusa da nawa, a Arlit, ta ƙarasa shekarunta.