Ranar da Kaka Ya Yi wa Ƙato Sallama

Shekaranjiya ina shago ina ɗinka wa wani yaro rigar makaranta, sai maɓalli ya suɓuce mini ya faɗi kan teburin keke. Bai tsaya nan take ba. Ya gangara, ya yi ƙwas-ƙwas a kan katako, ya juya, sannan ya kwanta. Na daɗe ina kallonsa, ƙafata a kan feda ban taka ba. Wannan 'yar ƙarar ce ta ɗauke ni ta mayar da ni wata damina, ina ɗan aji biyar, a barandar maƙwabcinmu a nan Gumel.

Maƙwabcin nan malamin gona ne, mutumin Filato, Kirista, an turo shi aiki ba da daɗewa ba bayan an ba mu jiha. Yana haya a gidan da ke jingine da namu. Kullum da sassafe zai hau babur ya nufi Gagarawa wajen manoma, ya dawo bayan azahar da jiƙaƙƙen yashi a takalminsa. Ɗansa sa'ana ne, benci ɗaya muke zama a makaranta, kuma shi kaɗai ne ba ya yi mini dariya in na koma gida daga rabin hanya don in duba ko na rufe akurkin kaji. Haka Allah ya yi ni, mai karatu. Har yau sai na murɗa kwaɗon shago na tafi, in dawo in sake ja.

Malamin gona yana da wani kwalin takalmi da ba ya barin kowa ya buɗe. A ciki akwai littafin Turanci da bangonsa ya yage, da takardu, da guntayen fensir, da ƙwayoyi. Ƙwayar lido kowa ya san ta, fuska shida. Waɗannan kuwa akwai mai fuska huɗu, akwai mai takwas, akwai kuma wata ja mai fuska ashirin, in ka ɗaga ta sama haske yana ratsa ta kamar dutsen zobe. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin nata ba.

Ga yadda wasan yake. Shi zai zana taswira a takarda, ga dutse, ga kogo, ga daji. Kowannenmu yana da mutum ɗaya nasa, an rubuta ƙarfinsa da kayansa a 'yar takarda. Sai ya soma ba da labari, amma ba irin tatsuniyar da za ka zauna ka yi ta ji ba. Yana cikin magana sai ya tsaya, ya dube ka, ya ce, "Me za ka yi?" Ka faɗi niyyarka, ka jefa ƙwaya. In lamba babba ta fito abin ya yiwu, in ƙarama ce ka faɗi. In mutuminka ya mutu, to ya mutu, a naɗe takardarsa a mayar kwali. Mu uku muke yi, ni da yayana da abokina. Ruwa yana dukan kwanon baranda, mu kuwa ba ma Gumel, muna can ƙarƙashin ƙasa riƙe da fitila, har na kan ji sanyin kogon a bayana.

Ya ce wani Bature ne ya koya musu a sakandare a Jos, da zai koma ƙasarsu ya bar masa kwalin. Jefi-jefi wata mujalla tana iso masa ta gidan waya, ta yi watanni a hanya. A cikinta ya nuna mana hoton wani ɗaki da a idona ya kai filin kasuwar Maigatari, cike da tebura, manyan mutane masu gemu sun sunkuya suna jefa irin ƙwayarmu. Ya ce asalin wasan daga masu shirya yaƙi da 'yan sojojin dalma ne a kan tebur, har wasu suka ce kowa ya riƙe mutum ɗaya kawai a shiga kogo da shi. Na kasa barin hoton nan. Wato a bayan teku, a lokacin da nake jefa ƙwaya, akwai wani da ban sani ba, gabansa yana faɗuwa irin nawa. Ya kuma gaya mana cewa can ma wasu iyaye da mutanen coci sun taso wa wasan suna cewa sihiri ne, kuma a cocinsu na nan ma akwai masu harararsa a kai.

Saboda haka ban yarda na ɗauki mai siddabaru ba. Yayana ya ɗauki jarumi mai takobi, abokina ya ɗauki maharbi, ni kuwa na ce mai raƙumi nake so. Da aka ce kowa ya zaɓi kayan tafiya, na ɗora wa raƙumina salkar ruwa, da igiya, da allura da zare, da kantun gishiri. Yayana ya ce, "Kai yaƙi za ka ko cin kasuwa?"

Wata rana na roƙi malamin gona ya ba ni aron jar ƙwayar in kai gida, don ina so in tabbatar lambobin nan ashirin duk suna nan, ba a maimaita wata ba. Ya yi dariya ya ba ni. Washegari gwaggona tana wanki ta tsince ta a aljihun wandona. Ba ta neme ni ba, kai tsaye ta kai wa Kaka a zaure, ina jiyo muryarta: "Baba, caca ta shigo gidan nan!"

Kaka shi ne babban gidanmu. Da ƙuruciya ya bi ayari har gaba da Damagaram, daga baya ya zama dillalin raƙuma a Maigatari, har ƙafa ta hana shi zuwa. Mai tsokanar jikoki ne, ni ma ba ya kirana da komai sai matsoraci. Amma a kan caca ba ya wasa, domin ya ga mutanen da karta ta raba da gonakinsu. Ya jujjuya ƙwayar a tafin hannunsa, ya ce, "Bayan la'asar zan je in gani da idona. In caca ce, ƙafar ɗan gidan nan ba ta ƙara taka barandar can, kuma ba ku ba yaron nan." Bai ɗaga murya ba.

Daga hantsi zuwa la'asar ban iya cin komai ba. Ba rabuwa da wasan kaɗai nake tsoro ba, har da rabuwa da abokina. Abin da ya fi damuna kuma, ni kaina ban tabbata ba cacar ba ce. Alwala ma sai da na yi ta sakewa.

An ɗauke ruwa ke nan muka shiga. Ƙasa tana ƙamshi, indararo yana ɗiga, kwaɗi sun soma kuka a kududdufin bayan gida. Malamin gona ya rusuna ya gaishe da Kaka, ya kawo masa kujera. Kaka ya ƙi, ya zauna a bakin tabarma, ya ajiye ƙwayar a tsakiya.

Ya ce, "Malam, a ina ake aza kuɗin?"

"Baba, ba a aza ko kwabo."

"To wa ke cinye wa?"

"Ba mai cinye wani. Ko su tsira tare, ko su halaka tare."

"Ita wannan jar abar fa, aikin me take?"

Malamin gona ya ce, "Baba, yaro zai ce zai tsallake rami. Ni ban san ko zai iya ba, shi ma bai sani ba. In na ce ya faɗa, zai ce ba na son shi. In na ce ya tsallake, ɗan'uwansa zai ce na yi son kai. Sai mu bar wa ƙwaya."

Kaka ya ce, "Uhm. Ku yi yadda kuka saba." Daga fuskarsa ba ka gane komai.

A labarin namu mun maƙale a wani mashigi tsakanin duwatsu biyu. Wani ƙato mai tsawon giginya yana tsare da shi, da kulki kamar kututturen kuka, garkensa yana kiwo a bayansa. A nan jarumin yayana ya mutu a makon da ya wuce. Maharbin abokina yana kwance da karyayyen baka. Saura mai raƙumina, tsaye a gaban ƙato shi kaɗai. Malamin gona ya kwatanta yadda inuwar kulkin ta rufe ni, ya dube ni, ya ce, "Me za ka yi?"

In na ce zan sare shi, ba ni da takobi. In na gudu, na bar abokina. Ga kuma idon Kaka a kaina.

Sai na ji Kaka ya ce, "Kai matsoraci, kun yi masa sallama kuwa?"

Muka dubi juna. Yayana ya ce, "Kaka, dodo ne fa."

"Dodon ba shi da gida? Kun zo ƙofar mutum da takubba a zare, ba sallama ba gaisuwa, kuna mamakin ya fasa muku kai? Ko ni ne sai na fasa." Ya matso tsakiyar tabarma, ya gyara zama, ya dunƙule hannu ya ɗaga wa taswirar nan jinjina. "Salamu alaikum, mai wannan wuri."

Malamin gona ya buɗe littafinsa, ya rufe. Ya dubi Kaka. Da ya buɗe baki, wata murya ce ta fito daga can cikin ƙirjinsa, wadda ban taɓa jin ya yi ba. "Wane ne?"

"Baƙi ne, ranka ya daɗe. Mun same ku lafiya? Ya gida? Ya damina? Ya dabbobi?"

"Dabbobi sun rame," in ji ƙato. "Tun da na zauna a nan ba wanda ya taɓa tambayata dabbobi."

Mai karatu, tsikar jikina ta tashi. Ga tsoho mai furfura, ga ma'aikacin gwamnati, a kan tabarma ɗaya, kuma na rantse maka a wannan lokacin akwai na uku a tsakaninsu, kansa yana taɓa kwanon baranda. Matar malamin gona ta fito da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. Kaka ya yi ta jan gaisuwar nan, yana tambayar ruwa, yana tambayar ciyawa, yana jajanta masa. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Me ke kan raƙuminka?" Na soma lissafawa. Da na kai kan gishiri ya bugi cinyarsa. "Ashe akwai mai hankali a ayarin nan! Sauke shi ka ajiye a gabansa da hannu biyu. Makiyayi ne, dabbobinsa lasa suke nema."

Malamin gona ya ce sai an jefa ƙwaya a ga ko ƙato zai karɓa. Ya miƙa wa Kaka. Kaka ya naɗe hannunsa, ya ce, "A'a. Raƙumi nasa, gishiri nasa." Na ɗauka, na saki. Ta gangara daga tabarma ta hau siminti, ta yi ƙwas-ƙwas, ta juya, ta kwanta.

Uku.

Na ji hawaye ya cika mini ido. Muryar ƙato ta ce, "Ɗauke gishirinka. Ba ku wucewa." Ta ɗan tsaya. "Amma wanda ya yi mini sallama ba na ɗaga masa kulki. Ku sauka a gindin dutse."

Sai Kaka ya fashe da dariya, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Wallahi haka suke! Haka wani mai gari ya yi mana a arewa, ya bar mu a rana da kayanmu. Ai in ya karɓa tun yau mun raina shi." Ya dafa kafaɗata ya miƙe da ƙyar. "Share idonka. Ka sauke kaya, ka ba raƙumi ruwa, ka ɗaure wa abokinka hannu. Gobe mu koma mu sake gaishe shi."

Yayana ya ce, "Gobe, Kaka?"

"Kurma ne kai?" Ya juya ga malamin gona. "Malam, abu biyu. Ranar da aka aza kwabo a tabarmar nan, an gama. Kuma da an kira salla a sallame mini su, ko suna cikin bakin dodo." Malamin gona ya ce, "An gama, Baba," ya raka shi har ƙofa riƙe da sandarsa.

Washegari Kaka ya riga mu zuwa. Sai da muka yi ta zarya kafin ƙaton nan ya karɓi gishiri, kuma da ya matsa gefe, abin da ke bayan dutsen wani kwari ne kore shar, da tafki a tsakiyarsa. Kaka bai taɓa riƙe ƙwaya ya jefa ba har wasan ya watse, amma a sauran daminar nan shi ne madugunmu.

Bayan shekara biyu aka mayar da malamin gona gida, ya tafi da kwalinsa da abokina. Kaka ya rasu ina koyon ɗinki. Na tambayi malamai a kan irin wannan wasa, wani ya ce kaza wani ya ce kaza, kuma irina ba ya rasa abin da zai dame shi. Barandar nan yanzu shagon cajin waya ce. Ɗana ma yana da nasa ƙattin a cikin waya, yana zaune shi kaɗai yana ta sara, in an kashe shi ya danna ya tashi. Kwanaki na leƙa ta kafaɗarsa na ce, "Akwai inda ake dannawa a yi masa sallama?" Ya dube ni kamar na zautu, ya ce babu.

Na ce ya matso. Na ɗauko takardar da nake yanka samfurin riga, na zana duwatsu biyu da mashigi a tsakaninsu. Ba ni da ƙwaya mai fuska ashirin, sai muka aro ta lido a maƙwabta. Muryata ba ta kai ta malamin gona ba, amma da na dube shi na ce, "Me za ka yi?" sai na ga ya kife wayar a kan tebur.