Jimrau da Waƙar Kakarsa Mai Giɓi

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Dakoro ya san Jimrau, dogon nan mai gilashi da ke gaida mutum hankalinsa na wani gari. Ubansa ya so ya gaji dillancin raƙuma, shi kuwa ko akuya ya riƙe sai ta kai shi ƙasa. Aka haƙura aka bar shi da lakwal, wato karatun boko. Ya yi lise, babbar sakandare, a Maradi, ya wuce Yamai, ya dawo mana da wata tsohuwar odinater, kwamfuta ke nan, da wata ma'aikata ta yar, mai gurnani kamar injin niƙa.

Lokacin nan wayoyin gari duk masu tocila ne, babu mai ɗaukar murya ta kirki. Jimrau ya ƙudura sai ya ɗauki waƙoƙin niƙa na kakarsa Baraka, ƴar Birnin Lalle, waɗanda suka ɓace tun da inji ya kori dutse. Muryarta ta soma dusashewa, tari na tare ta, kowa na gani sauranta kaɗan.

"Angona, mi zan yi da akwatinka?" in ji ta. "Goro dai za ka kawo."

"Amarya, ke dai rera. In kin tahi, wa zai riƙa zagina?"

"To, sau ɗaya nike yin kowace. Ni ba kaset ba ce da za ka maida baya."

Sai dai odinater ɗin na da ciwo: in aka haɗa mata aiki biyu, murya ta riƙa yankewa. A can cikin zuciyarta, wurin da Jimrau ke kira noyo, akwai mai rabon lokaci. Ayyuka na layi, kai guda ke yi masu hidima, shi wannan mai rabon ke cewa wane shiga, wane jira. Jimrau ya buɗe wurin ya ce da hannunsa zai gyara.

Yaro ne mai tarbiyya, abin da ya kada shi ke nan. A gidansu babba ke fara sa hannu a akushi, ba kuma mai ce masa yi sauri. Sai ya kafa wa na'ura dokar gida: aikin da ya riga zuwa shi ne babba, shi ne gaba. Ya gwada da na'ura ba kaya a kanta, ya ji lafiya lau, ya gyara zaman hula.

Ranar ɗauka, don nuna gwaninta, ya bar ta tana kwafe wani tulin aiki tun safe. Baraka ta zauna a tabarma ta ɗauko waƙar uwarta ta shekarar yunwa, mai jera rijiyoyin da suka bi har Tagriss. Ta ƙare tana share ido da bakin zane. Da aka kunna, waƙa duk giɓi. Tsohon aikin ya baje kamar Elhaji a gaban tuwon suna, murya kuwa ita ce auta, sai abin da ya rage.

Jimrau ya durƙusa ya roƙi kakar ta sake rerawa.

"Na ce ma sau ɗaya," ta ce. "Wagga waƙa in na sake ta, kwana zan yi ina ganin Inna."

Daga nan ya koyi gwaji. Ya lafta wa na'ura kaya har tana nishi, ya miƙa makirfo ta katanga yana ɗaukar dakan maƙwabciyarsu Uwale, don taɓaryarta ba ta saɓa faɗuwa. In bugu ɗaya ya ɓace, kunne zai ji.

"Kai ɗan nan, turmina kake wa leƙe ko ni?"

"Inna Uwale, ƙara daka, aikin ilimi kike."

"Ilimin ya zo ya tankaɗe mani gari!"

Ya raba lokaci daidai wa daida, bugu ya ci gaba da ɓacewa, don kafin layi ya zagayo murya ta wuce. Ya warware, ya sake. Can ya tuna bakin rijiya: mace mai tulu ɗaya ba ta jira bayan garke, guga ɗaya ake juye mata ta tafi. Ya sa aikin da ke kurɓa kaɗan ya tashi ya riƙa shiga gaba, amma da iyaka, kada garke ya mutu da ƙishi. Dakan Uwale ya fito cif.

Ya ɗauki sauran waƙoƙin ba tangarɗa. Baraka ta saurara ta yamutsa fuska.

"Wace tsohuwa ce wagga mai muryar kwaɗo?"

Ba ta ga girbin shekarar ba.

Yau Jimrau ya yi furfura, yana gyaran waya a bakin tasha, yana kuma aika gyare-gyarensa na noyo ga mutanen da bai taɓa gani ba. Mata na zuwa ya zuba masu waƙoƙin a waya. In aka zo kan mai giɓi, sai gardama: Uwale ta rantse ta san rijiyar da sunanta ya ɓace a giɓin, Zara ƙanwar ubansa ta ce ƙarya ne, ba su bi ta nan ba. Su juyo su ce ya raba su. Shi ma bai sani ba, sai ya sake kunna masu.