Goggo Habiba Ta Ƙi Goge Muryarta

A Babura, in ka tambayi shagon ɗinkin Habiba, sai a nuna maka bayan tashar mota a ce ka bi kiɗa. Shago ne ɗan ƙarami, keke ɗaya, teburin yanka, da wata tsohuwar sifika da aka ɗaure da ƙyallen atamfa don kada ta tarwatse. Daga hantsi har la'asar ƙafarta na kan keke, kunnenta na wajen sifika.

'Yar Roni ce. Mahaifinta makiyayi ne da ya zauna wuri ɗaya ya haɗa kiwo da noma. Yayanta Muhammadu Lawal shi ya yi karatu mai zurfi, ya samu aikin gwamnati a Kazaure, ya zama babba a dangi. Ita kuwa daga firamare ta koyi ɗinki, ta auri Sabiru, direban da ke jigilar fasinja tsakanin Babura da Nijar. Sauran direbobi dabino da cuku suke kawo wa matansu tsaraba. Sabiru ya gane tasa matar tun da wuri, sai ya riƙa kawo mata kaset, da zamani ya juya kuma ya koma kawo mata waƙoƙi a waya. A haka ta san jitar Buzaye, ta san kiɗan samarin Legas, har da na Turawa mai ƙara wanda suke kira rok. Ba ta jin Turanci, ba ta jin Buzanci, amma in mai ganga ya yi kuskure tana ji a jikinta.

Sharhin nata da wasa ya fara. Tana da zaure a WhatsApp inda take sanar da mata cewa ɗinkinsu ya kammala. Wata Juma'a wata sabuwar waƙa ta ba ta haushi, ta danna waya ta faɗi ra'ayinta, mata suka yi ta dariya suna turawa gaba. Da Juma'a ta zagayo, su da kansu suka tambaya, "Goggo, yau babu sharhi?" Tun daga nan abin ya zama al'ada. Takan ɗauki sababbin waƙoƙin mako, kowace ta ba ta 'yan kalmomi, ta ƙara da labarin wa ya rabu da makaɗinsa, wa zai fitar da sabon kundi bayan Sallah.

Ba ta da dogon zance. Ta taɓa cewa game da wani mawaƙin birni, "Yaron nan Allah ya ba shi murya, shi kuma ya miƙa wa na'ura ta cinye." Game da wasu masu jita daga hamada ta ce, "Kada ka saurara kana kan babur, za ka wuce gidanku ba ka sani ba." Wasu Turawa masu rok kuwa ta ce, "Mai waƙar ihu yake kamar an take masa yatsa, amma mai gangarsu ya san aikinsa, saboda shi na ji ta har ƙarshe." 'Yan acaɓa a Gwiwa da masu shayi a 'Yankwashi duk sun san muryarta, mafi yawansu ba su taɓa ganin fuskarta ba.

Ana haka sai Zaharadeen, ɗan Muhammadu Lawal, ya fitar da waƙarsa ta farko. Da can uban ba ya son zancen waƙa, amma da ya ga bidiyo, ɗansa cikin farar shadda a bakin dam ɗin Kazaure, abokan aiki na taya shi murna, sai ya sauko. Uwar yaron, Rahamatu, ta kira Habiba a waya.

"Goggon yara, ɗanki ya yi abin kai. Ranar Juma'a sai ki sa masa albarka, duk garin nan ke ake saurare."

Habiba ta saurari waƙar tana ɗinki, ta sake saurara ta ajiye ɗinkin. Ta san muryar Zaharadeen tun yana bin shanun kakansa a hutun makaranta, murya ce mai ɗan kaushi mai daɗi. A waƙar nan babu ita. An wanke ta da na'ura har ta zama irin ta kowa, baitocin kuma tsince-tsince ne daga abin da ake yayi. Ta kira shi ta gaya masa tsakaninsu. Ya ce, "Goggo, ai haka kasuwa take so, kuma ta riga ta fita." Ta so ta tsallake waƙar ta yi shiru, amma masu saurare suka dame ta da tambaya, wasu har suna cewa za a ga ko gaskiyarta na shiga gida.

Ranar Juma'a ta ce, "Zaharadeen ɗana ne, ni na goya shi. Waƙarsa tana da kiɗan rawa, amma na neme shi a ciki ban same shi ba. Wannan rigar aro ce, kuma ta yi masa yawa."

Kafin Lahadi Yaya ya aiko a kira ta. Ta hau motar Kazaure, ta same shi a falo, Rahamatu na gefe ta ɗaure fuska. Habiba ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba.

Ya ce, "Habiba, a rasa wanda zai tozarta yaron nan sai ke? A ofis ana kunna min muryarki ana dariya. Ki goge, ki yi wata ki ce kuskure kika yi."

Ta ce, "Yaya, Allah ya ƙara girma. In ka ce in rufe bakina a kan waƙoƙin Zaharadeen, daga yau na rufe. Amma in ce na yi kuskure, ban yi ba."

"Ni nake ba ki umarni kina cewa a'a?"

"Ban taɓa ƙin aikenka ba, Yaya. 'Ya'yan mutane nawa na faɗa wa irin wannan, babu wanda ya kira ni? Su ma da iyayensu. In na yabi namu don namu ne, da wane ido zan dubi sauran?"

Rahamatu ta ce, "Baƙin ciki ne kawai." Habiba ta miƙe. Ta yi wa yayanta sallama, bai amsa ba, ta sa takalminta ta fita.

Sallar nan babu macen dangi da ta kawo mata ɗinki. Masoyan Zaharadeen suka yi ta zaginta a waya, suna cewa tsohuwa ta tsaya ga zare da allura. Abin da ya fi ciwo, waƙar ta karɓu. Babu bikin da ba a sa ta, daga Roni har Kanya Babba. Wasu samari suka riƙa tsayar da babur a ƙofar shagonta, su ƙure ƙarar waƙar, su jira su ga abin da za ta yi. Takan ɗago ta ce su matsa suna tare mata haske. Sabiru ya ce ko za ta ɗan huta da sharhin har ƙura ta lafa. Ta ce in ta huta yanzu, cewa za a yi an rufe mata baki.

Juma'ar da ta biyo ta ce, "Waƙar ɗana ta cika gari, na yi murna, Allah ya ƙara ɗaukaka. Ra'ayina kuma yana nan inda na ajiye shi." Ta wuce zuwa waƙa ta gaba.

Bayan damina Zaharadeen ya shigo shagon ba zato. Ya gaishe ta a daƙile, ya ajiye waya a kan teburin yanka, ya kunna wata sabuwa. Jita ɗaya ce da ƙwarya, sai muryarsa tsirara, yana waƙar hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya a garin kakansa. Habiba ta dakatar da keke har ta ƙare.

Ya ce, "Ba don ke na yi ba, Goggo. Dama waƙar tana cikin raina."

Ta ce, "Na ji. Baiti na biyu ya yi tsawo."

Bai rage baitin ba. Ya fitar da ita haka, Habiba ta yabe ta ranar Juma'a, ta kuma faɗi zancen baitin. Waƙar ba ta je ko'ina ba. Masu biki suka ce ba ta rawa ba ce, suka ci gaba da sa ta farkon. Har yau Yaya Muhammadu Lawal amsa gaisuwarta kawai yake, ba ya ƙarawa da komai.

A wani taron suna a Roni, Rahamatu ta ɗaga murya yadda mata za su ji, ta ce, "Wadda ta kushe ta zagaye ƙasa, wadda ta yaba ta kwanta. Wannan wane irin kunne ne?"

Habiba na cin tuwo, sai da ta haɗiye lomarta sannan ta ce, "Ni ban taɓa cewa na san wadda za ta sayu ba, Yaya Rahamatu. Wadda ta yi kyau nake faɗa. In ya fitar da ta uku, a turo min."